GEMU BA YA HANA ILIMI: KOYON ƊAUKAR HOTO BAYAN AN MANYANTA

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan

   

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan ɗaukar hoto. Mun san wasu suna cewa a ransu, to 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari, me ya haɗa su da kyamara? Ai wannan aikin yara ne da masu situdiyo. To jama'a, mu 'yan kaɗan daga cikin dattawan wannan ƙungiya da muka zauna muka fara koyon abin nan bayan furfura ta fito, mun zo ne mu ce muku ya shafe mu, kuma ya fi shafarmu a kan yaran. Dalilai uku ne.

Na farko ciniki. Iyayenmu sun yi fatauci da wasiƙa da ɗan aike da jirgin ƙasa. Mu muka tarar da tarho, sannan wayar hannu ta shigo a 2001. Yau kuwa in ka kira abokin cinikinka na Kano ko na Sakkwato ka ce goro ya sauka, kafin ka rufe baki zai ce, "Alhaji, turo hoto in gani." Sai ka shiga neman yaron shago. In yaron ya tafi aike, ciniki ya tsaya. In ya ɗauka a gurguje, goro marsa ya fito kamar minu, an karya maka farashi kana zaune. Sannu a hankali yaron ne zai san abokan cinikinka, su ma shi za su sani. Ba mu ce yara ba su da amana ba, amma dai kowa ya san ba a barin mudu a hannun wani.

Na biyu shaida. Mu mazauna Kurmi mun ga abubuwa. Manyanmu suna tuna ambaliyar Ogunpa ta 1980, mu kuma mun ga ta watan Agusta 2011. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sasa cikin Fabrairu 2021, inda shaguna da gidaje suka ƙone, na Hausawa da na Yarbawa. Allah ya kiyaye gaba. Amma ranar da aka zo ƙididdigar asara, wanda ke da hoton shagonsa da kayansa da takardar haya da rasit, maganarsa ta fi ta mai rantsuwa kawai nauyi. Gani ya kori ji.

Na uku tarihi, kuma shi ya fi ci mana rai. An kafa unguwar nan ta Sabo a 1916. Ta haura shekara ɗari ke nan. To a cikinmu nan, wa ke da hoton waɗanda suka fara kafa ta? Wa ke da hoton zangon shanu na da, ko na masu ɗaurin huhun goro a tasha? Wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna da iyayenmu a 1962 da 1963, ya rubuta littafi a kansu da Turanci, aka buga a 1969. Yau duk ɗalibin da ke son sanin yadda Sabo take a wancan zamani, wajen baƙo zai je ya tambaya. Jikokinmu kuwa, da yawansu Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Wata rana za su ce a nuna musu kakansu da sana'arsa. In ba mu ajiye ba, me za a nuna?

SHEKARU DA FATAWA

Akwai abu biyu da ke tsayar da dattijo. Ɗaya shi ne a ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To ku ji wannan. A ƙasar Ingila an yi wata mata mai suna Julia Margaret Cameron. Ba ta fara ɗaukar hoto ba sai a 1863, tana da shekara 48, lokacin da 'yarta ta ba ta kyautar kyamara. Kuma kyamarar zamanin akwati ce ta katako, a kan faifan gilashi ake ɗauka, sai an shafa magunguna, wanda ake ɗauka kuma ya daskare na wasu mintoci ba motsi. Cikin shekara goma sha biyu ta ɗauki hotuna wajen 900, har yau suna rataye a manyan gidajen tarihi. In uwar 'ya'ya ta iya da gilashi da magani, mu da abin ke cikin aljihunmu fa?

Kuma mu ba daga farko za mu fara ba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya yi shekara talatin yana zaɓen goro, yana hango sankara tun ba a fasa ba, ko yana kallon sa sau ɗaya ya faɗi kuɗinsa, ai ya riga ya koyi kallo. Kallon nan shi ne babban rabin aikin hoto. Abin da ya rage danna maɓalli ne da sanin haske.

Na biyu maganar addini. Mun san malamai sun yi saɓani a kan hoto, kuma ba mu ne za mu yanke ba, ga su nan zaune. Abin da muka sani shi ne da yawa daga cikinsu sun bambanta sassaƙa gunki da hoton kyamara, musamman in akwai buƙata. Ba wanda ya sauke farali ba tare da hoton fasfo ba, ba wanda ya yi katin ɗan ƙasa ba tare da shi ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hoton mai rai ba, ga kaya, ga gini, ga takardu, ga kasuwa, ba zai rasa abin ɗauka ba.

YADDA ABIN KE AIKI

Tushen kyamara ba baƙo ba ne a wajenmu. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya zauna a Alƙahira, ya yi bayaninsa a littafinsa Kitabul Manazir. In ɗaki ya yi duhu ƙirin, aka huda ƙaramin rami a bango, surar abin da ke waje za ta bayyana a bangon ciki, kai a ƙasa ƙafa a sama. Kalmar kyamara ma asalinta ɗaki take nufi. Abin da aka daɗe ana nema shi ne yadda za a kama surar ta zauna, sai a 1839 aka bayyana hanyar haka a Faransa. Kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamara ta kowa da kowa a 1888. Wayar da ke aljihunka ɗakin Ibnul Haisam ce aka ƙanƙantar.

Abu uku ke sarrafa hoto. Ku ɗauka kamar ƙofar shago ce da haske ke shigowa ta cikinta. Na ɗaya, faɗin yadda ka buɗe ƙofar. Na biyu, daɗewar da ta yi a buɗe, wanda a kyamara bai kai ƙiftawar ido ba. Na uku, kaifin idon wanda ke zaune a ciki, shi ne abin da ake rubutawa ISO. In haske ya yi ƙaranci, dole ƙofa ta daɗe a buɗe, kuma duk motsin da hannunka ya yi a lokacin zai fito a hoton, ya yi dishi-dishi. Ko kuma kyamara ta ƙara kaifin ido, sai hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar garin kwaki. Waya ita ke yi maka wannan lissafi da kanta. Amma in ka gane shi, ka gane dalilin da ya sa hoton cikin shago da magariba ba ya kyau, ko da wayar ta miliyan ce. Maganinsa ka fito da kayan inda haske yake.

Saboda haka kada kowa ya ruga Dugbe ko Ikko sayen babbar kyamara. A fara da wayar da ke hannu. Wanda ya yi wata shida yana ɗauka, shi da kansa zai san ko yana buƙatar wata.

DOKOKIN DA MUKA GWADA

Farko dai goge idon kyamara. Hannun ɗan kasuwa ba ya rabuwa da maiƙo da ƙura, waya kuma tana aljihu tare da goro da kuɗi. Rabin hotunan da ke fitowa kamar an ɗauka cikin hazo, datti ne kawai. Gefen riga mai laushi ya isa.

Riƙe waya da hannu biyu, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka tsayar da numfashi, sannan ka taɓa a hankali. Kada ka caka mata yatsa kamar mai kashe sauro. In abu yana nesa, kada ka jawo shi da yatsu, domin a yawancin wayoyi wannan jawowa lalata hoton take yi. Taka da ƙafarka ka matsa kusa.

Sai lokaci. Rana tsaka ita ce mafi muni. Tana bisa kai, hula tana jefa inuwa a fuska, idanu su zama ramuka. Hasken hantsi da na bayan la'asar su ne na hoto. A nan Badun Allah ya ba mu abin da 'yan uwanmu na Arewa ba su cika samu ba, wato yawan gajimare. Ranar da sama ta lulluɓe ba ruwa, haske yana sauka a hankali ko'ina daidai, a ranar ko da azahar ka ɗauka zai yi kyau. In rana ta ƙwalle kuma dole ne, shiga inuwar rumfa ko bakin zaure. Kuma hasken ya kasance a bayanka kai mai ɗauka, ko a gefenka. In ka tsayar da mutum taga tana bayansa, inuwarsa kawai za ka samu.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Mu mutane ne masu baƙar fata da farar riga. Kyamara in ta ga farar shadda ta cika mata ido, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta fito tas, fuskar Alhaji ta ɓace. Wannan ne ya ɓata hotunan Sallah da yawa. Maganin yana da sauƙi. Kafin ka ɗauka, taɓa fuskar mutumin a jikin gilashin waya. Za ka ga ɗan zobe ko akwati ya fito, a yawancin wayoyi da alamar rana a gefensa. Ja alamar sama kaɗan har fuskar ta bayyana. Gara riga ta ɗan yi fari da yawa da a rasa mai rigar.

Kafin ka danna, dubi bayan mutumin. Ido yana kan fuska, ba ya lura da turken wuta da ya tsiro a kan hularsa, ko bokiti da shanya da kwata. Kyamara ba ta da kara, duk abin da ta gani sai ta kwaso. Taku ɗaya dama ko hagu yakan gyara. In yaro ne ko dattijon da ke zaune a tabarma, durƙusa ka daidaita da idonsa. Ɗaukar babba daga sama ƙasƙantar da shi take yi, ga kuma rashin ladabi.

HOTON KAYA

Goro a zuba shi a faranti ko a kan ganyensa, a inuwa mai haske, a ajiye kwalin ashana a gefe don mai kallo ya san girmansa. A fasa ɗaya ko biyu a ga cikinsa. Sa ko rago a ɗauke shi daga gefe, kyamara daidai tsakiyar jikinsa, ƙafafu huɗu duka a ciki, sannan a ƙara ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya. In ka tsaya dab da kansa, kai zai yi ƙato, gindi ya tsuke. Atamfa da shadda kada a ɗauke su ƙarƙashin ƙwan lantarki, yana canza launi, shuɗi ya koma wani abu dabam, a kawo maka kaya daga baya a ce ba shi aka gani ba. Filashi kuma a kashe shi, ƙyalli kawai yake sa wa a jikin shadda.

Sannan jama'a, a ji tsoron Allah. Akwai algus a hoto kamar yadda yake a kwando. Wanda ya jera manyan tumatir a sama ya ɗauka, ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ko ya shiga waya ya ƙara wa goro ja, hukuncinsa ɗaya da mai tauye mudu, malamai sun karantar da mu. In akwai aibi, ɗauki aibin ka tura. Kasuwancin Kurmi da Arewa a kan amana aka gina shi, mutum ya aiko shanu na miliyoyi ba takarda, sai sunan maigida. Kada hoto ya zo ya rushe abin da iyaye suka gina.

LADABI

Ba a ɗaukar mutum sai da izininsa. Matan aure da 'yan mata, ko na gidanka ne, a tambaye su, kuma hotonsu ba na yawo a WhatsApp ba ne. Mu ma muna ganin ya fi kyau iyayenmu mata su koya da kansu, su riƙa ɗaukar biki da suna da sana'o'in cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Kada a ɗauki gawa, kada a ɗauki wanda hatsari ya rutsa da shi, kada a ɗauki mabuƙaci a lokacin da ake ba shi sadaka.

Kuma mu tuna a garin mutane muke. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da al'adun da ba sa son a haska, musamman lokacin fitowar dodanninsu na Egungun. A kauce. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike a hanya, duk ba wurin ɗaga waya ba ne. In kuma an samu hatsaniya, Allah ya sawwaƙe, kada hotonka ya zama fetur. Hoto ɗaya da aka watsa ba bayani yana iya tayar da fitina a Kano a kan abin da ya faru a Badun. Ajiye shi, ka kai wa shugabanni da hukuma.

ME ZA A ƊAUKA, YAYA ZA A AJIYE

Wani zai ce rayuwarmu ai ba wani abin kallo a cikinta. To akwai wani mai hoto ɗan ƙasar nan, J.D. Okhai Ojeikere, wanda ya fara aiki a nan Ibadan a Ma'aikatar Watsa Labarai a 1954, yana mai taimakawa a ɗakin wanke hoto. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson mata, kitso kawai, har ya tara kusan dubu. A lokacin ai kitso abin yau da kullum ne. Kafin ya rasu a 2014 an baje waɗannan hotuna a manyan biranen Turai, kuma wasu salon kitson yanzu sai a hotonsa ake ganinsu. Abin da ido ya saba da shi yau, shi ne abin nema gobe.

Namu kitson shi ne hannun dattijo yana ɗaure huhun goro. Sauke shanu da asuba a Akinyele. Masu tsire da kilishi na Sabo in yamma ta yi. Mai ɗinkin hula, wanzami, 'yan canji, almajirai da allunansu, tsofaffin gidaje da zaurukansu kafin a rushe a yi bene. Sama da duka, fuskokin tsofaffinmu.

Ajiya kuwa ita ce inda aka fi yin asara. A zamanin fim, ɗauka 36 ce a naɗi ɗaya, kowace da kuɗinta, amma an wanke an sa a albam, ga su nan har yau. Yanzu mutum yana da dubu uku a waya, ranar da ta faɗa ruwa ko aka zare ta a mota, shi ke nan. Don haka kowane hoto mai muhimmanci ya zauna wuri biyu aƙalla, a waya da kuma memori ko kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, yara za su nuna mana wannan. Na shago da takardu a aika kwafi gida Arewa wajen ɗan uwa, domin wutar da ta ci shago tana iya cin wayar. Mafi kyawu kuma a kai a wanke a takarda. A bayan kowanne a rubuta da fensir, da boko ko da ajami: wane ne, ɗan wane, daga wane gari, a ina, wace shekara. Hoton da ba suna, bayan shekara arba'in ya zama hoton wani mutum kawai.

Tsofaffin hotunan da ke cikin adaka da ƙarƙashin katifa, a fito da su. Damshin Kurmi yana cin su. A shimfiɗa a inuwa mai haske a ɗauke su da waya, a tambayi tsofaffi sunayen waɗanda ke ciki tun suna raye. Kada a kai a liƙe su da ledar nan mai zafi, ba ta ɓantaruwa kuma tana lalata su.

ROƘONMU GA ƘUNGIYA

Muna roƙon shugabanni abu uku. A ware yammacin Lahadi bayan la'asar, duk mai so ya zo da wayarsa, matasa biyu ko uku su zauna da mu, kuma mu dattawa mu sauke girman kai mu yi tambaya. Kowa ya ɗauki hoto goma a mako, ya zaɓi ɗaya ya kawo a duba tare. Na biyu, a yi jerin sunayen duk wanda ya haura shekara saba'in a Sabo da Sasa da Bodija da Ojoo, maza da mata, a bi su gida-gida da izininsu, a ɗauke su, a rubuta asalinsu da shekarar zuwansu. A fara da mafi tsufa, don ba mu san gawar fari ba. Na uku, a sayi babban albam da akwatin ƙarfe, a damƙa wa sakatare, ya zama na ƙungiya.

Wannan aiki ba ya cin kuɗi mai yawa, lokaci yake ci, lokacin kuma shi ne ba mu da tabbas a kansa. Duk Juma'ar da muka raka wani dattijo makwanci, mun binne wani yanki na labarin Sabo tare da shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan wuri. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwa, ya shirya mana zuriya.